Hannun hagu da ba ya jan ruwa: amsa ga mai ninkaya ɗan shekara 44

Tambaya: Shekarata 44, kuma sai da na girma na koyi ninkaya. Yanzu ina shiga ruwa sau uku a mako, kowane shiga ina yin kamar mita 2000. Damuwata hannuna na hagu ne. Ji nake kamar zamewa yake yi a cikin ruwa, na dama ke yin duk aikin, sai kuma in ga ina karkacewa har ina gogar igiyar layi. Ta dama kaɗai nake shan iska. Wane motsa jiki zan yi in ƙarfafa ɓarin hagu?

Amsa: Malam, maganar da ka jefa a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa ta dama kaɗai kake shan iska, ita na fi riƙewa a duk abin da ka rubuta. Na daɗe ina koyar da manya ninkaya, kuma cikin masu zuwa mini da kukan hannu ɗaya ba shi da ƙarfi, kaɗan ne na tarar tsokar ce da gaske ta gaza. Yawanci hannun lafiyarsa lau, aikin da ba nasa ba aka ɗora masa. In ka wuce kai tsaye wurin ɗaga ƙarfe ba ka duba wannan ba, ka bar jaki kana dukan taiki.

Ka tsaya a bakin ruwa wata rana ka kalli mai shan iska ta dama yana tahowa wajenka da salon da ake kifa ciki ana jan hannu bi da bi. Lokacin da fuskarsa ta juya dama, hannun dama yana baya yana shirin fitowa daga ruwa, na hagu kuma yana miƙe a gaba. A wannan ƙiftawar ido hannun hagu ne kaɗai madogararsa. Wanda ya koyi ninkaya da girma, can ƙasan ransa bai gama yarda ruwa zai riƙe shi ba, don haka maimakon ya mirgina kai kawai sai ya ɗan ɗaga shi. Kai kuwa ya kusa kilo 5, kuma duk abin da ya leƙo saman ruwa ya rasa tallafin ruwan. Don ya ɗaga shi, sai ya danna ruwa ƙasa da tafin hannun hagu, kamar tsohon da ya dafa tebur zai miƙe. Kafin ya gama shaƙar iskar, hannun ya riga ya nutse kusan ƙarƙashin ƙirji, gwiwar hannu ta faɗi, rabin tafiyar da ya kamata a yi ana tura ruwa baya ta tafi a banza. Abin da ya rage ɗan guntun ja ne daga ciki zuwa cinya. Wannan shi ne zamewar da kake ji. Ka kalli ƙafafunsa kuma, za ka ga a daidai lokacin sun buɗe kamar almakashi don kada ya kife, kuma wannan buɗewar birki ce.

Yanzu ka yi lissafi da naka adadin. Mita 2000 a tafki mai tsawon mita 25 na nufin zuwa sau 80 daga bango zuwa bango. In kana jan hannu sau 20 a kowane zuwa, ja 1600 ke nan, 800 na hagu. In kana shan iska duk bayan ja biyu, to kusan kowane ɗaya daga cikin 800 ɗin nan da dafe ya fara. Sau uku a mako, a shekara ka haura sau 100,000. Hannunka na hagu ba rago ba ne. Ɗalibi ne mai biyayya da ya haddace darasin da ba daidai ba.

Karkacewar da kake yi ma ba ta isa shaida a kan hagu ba. Mai tuƙa kwalekwale in ya fi ba da ƙarfi a dama, hagu hancin jirgin ke nufa, haka ma mai ninkayar da hannun damansa ya fi ja. Amma wanda hannun hagunsa ke shiga ruwa ya ƙetare tsakiyar kai zuwa dama, dama zai riƙa tafiya. Matsala biyu daban, kuma ana iya samun su a jikin mutum ɗaya. In kuma a buɗaɗɗen ruwa ne, inda babu layin ƙasa da za a bi irin wanda ake zanawa a ƙasan tafki, kowa na karkacewa. A 2009 wani mai bincike, Jan Souman, da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck a Jamus sun nuna cewa mutanen da ke tafiya a ƙasa ba tare da rana ko wata alama ba kewaye suke yi, kuma ba su ga alaƙar hakan da cewa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi ba.

Saboda haka kafin magani, a gwada. Gwajin da na fi so yana buƙatar bututun numfashi irin wanda ake ɗaurawa a goshi, ya bi ta tsakiyar fuska. Ka sa shi ka yi mita 100 a natse, kai bai juya ko'ina ba. In ka ji hannun hagu ya fara kama ruwa, jiki ya miƙe a kan layin ƙasa, to an gama shari'a: shan iska ne mai laifi. In babu bututu, ka yi ja shida ko takwas daga bango ba tare da juya kai ba, ko ka yi ninkayar rigingine, inda fuska ke waje, ka ji ko har yanzu hagu na zamewa. Sannan ka ba wani wayarka ya tsaya a ƙarshen layi ya ɗauke ka kana tahowa. Gani ya kori ji. Abin da mutum ke ji yana yi a ruwa da abin da yake yi da gaske sukan yi hannun riga, kuma na sha ganin mutum yana rantsuwa hannunsa a miƙe yake shiga, har sai da ya ga kansa.

A tudu kuma gwajin ba shi da wuya. Ka ɗauki ƙarfen ɗagawa na hannu ɗaya, ka dafa benci, ka ja shi zuwa ƙugu, ka ƙirga sau nawa kowane hannu zai yi kafin ka fara murɗa jiki. Ka kwanta a gefe ka ɗaga ƙugu, kana tokare da gwiwar hannu da gefen ƙafa, ka duba daƙiƙa nawa za ka jure a kowane ɓari. Ka kwanta rigingine, gadon baya a manne da ƙasa, ka kai hannu ɗaya sama da kai ka ga ko babban yatsa zai taɓa ƙasa. Ka zauna a kujera ka juya wuya, sannan ƙirji, dama da hagu. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne mutane ke rainawa, alhali sau da yawa a nan gizo ke saƙar: mai aikin zama da ya shekara ashirin a gaban kwamfuta, kafaɗarsa ko ƙirjinsa ba ya juyawa ɓari ɗaya, sai jiki ya nemi wata hanya a ruwa. Kusan mutum 9 cikin 10 na-dama ne, don haka ɗan bambancin ƙarfi ba abin mamaki ba ne. Masu gyaran jikin 'yan wasa sukan fara damuwa ne in ya haura kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In dama ta yi 12 hagu ta yi 11, ka manta da zancen. In dama ta yi 12 hagu ta tsaya a 8, akwai aiki.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu da ya fi duk sauran muhimmanci. Raunin ɓari ɗaya da ya zo farat ɗaya, musamman tare da karkacewar baki, sarƙewar harshe ko dishi-dishin gani, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti ake nufa nan take, ko da ya wuce bayan 'yan mintoci. Haka kuma in akwai dindiris ko jin kamar tsira allura a yatsu, ciwon da ke saukowa daga wuya zuwa hannu, tsokar bayan kafaɗa ta rame har an ga rami, allon kafaɗa yana ɓullowa kamar fiffike in ka tura bango, ko ciwon kafaɗa da ke tashin ka da dare, likita zai fara gani. Waɗannan sukan nuna jijiya ce ta matse ko wani abu ya yage. Daskarewar kafaɗa ma a tsakanin shekara 40 zuwa 60 ta fi kama mutane, ta kuma fi yawa ga masu ciwon sukari. Ba ka ambaci ko ɗaya ba, don haka na ɗauka babu.

To, mu shiga ruwa, don a can ne mafi yawan gyaran yake. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, shi ya sa ɗan sauyin kusurwar tafin hannu ke yin tasirin da wata uku na ɗaga ƙarfe ba zai yi ba.

Abin farko shi ne koya wa hannun hagu jira. Ka sa takalman roba masu faɗi na ninkaya, ka kwanta a gefen hagu, hannun hagu a miƙe gaba, na dama a kan cinya, kana bugun ƙafa a hankali. Hannun ya zama ƙasa da fuskar ruwa da kamar taƙi ɗaya, yatsu ƙasa da wuyan hannu kaɗan, wuyan hannu ƙasa da gwiwar hannu. Fuska tana kallon ƙasa. In za ka sha iska, ka mirgina kai kawai, kunnen hagu bai rabu da kafaɗa ba, ido ɗaya na gilashinka yana cikin ruwa. Ka zuba wa hannun nan ido. Duk sanda ka juya za ka ga yana son nutsewa, kamar yana da nasa ra'ayin. Kada ka bari. Ranar da ka sha iska sau biyar a jere bai motsa ba, ka samu abin da kake nema. Daga nan sai ka riƙa bugun ƙafa shida a gefe ɗaya, ja ɗaya, ka koma ɗaya gefen.

Sai ninkaya da hannu ɗaya, kuma yadda ake yin ta yana da muhimmanci. Yawancin mutane suna miƙa hannun da ba ya aiki a gaba, su sha iska ta ɓarin wanda ke ja. Wannan ya fi sauƙi, amma a wurinka ba zai taɓa inda ke ciwo ba. Ka ajiye hannun dama a jikin cinya, ka ja da hagu, ka sha iska ta dama lokacin da hagu ke miƙe a gaba. Ka ga ka kama ɓarawon a daidai ƙofar da yake shiga. Sai fuska ta dawo cikin ruwa sannan hannun ya fara aiki: yatsu su karkata ƙasa, gwiwar hannu ta tsaya sama kusa da fuskar ruwa, tafi da sangalin hannu su zama allo ɗaya mai kallon baya, kamar ka rungumo ganga. Zai yi maka wuya, za ka ji kamar ba ka taɓa shiga ruwa ba. Da takalma ake yi, mita 25 a huta. Kada ka yi shi a gajiye, don gajiyayyen jiki tsohuwar ɗabi'a yake komawa.

Ninkaya da dunƙulallen hannu ita ma tana taimakawa, don in babu tafi dole sangalin hannu ya koyi kama ruwa. Faifan roba da ake ɗaurawa a tafi kuwa, ka yi hattara da shi. Ƙarami a hannun hagu kaɗai, na ɗan lokaci, yana sa ka ji inda hannun ke zamewa. Babba a hannun da gwiwarsa ke faɗuwa hanya ce ta sayen ciwon kafaɗa, garin gyaran gira a rasa ido.

Maganar shan iska ta hagu fa? Ka koya, amma ban yarda da masu cewa dole kowa ya riƙa sha duk bayan ja uku ba. Babba mai matsakaicin ƙarfi, in ka rage masa iska da kashi ɗaya cikin uku, numfashinsa zai ƙare, ya firgita, ya ƙara ɗaga kai, ka ga an koma gidan jiya. Abin da nake sa mutane shi ne su zaɓi bango ɗaya na gefen tafki su riƙa kallon sa kullum: a tafiya ta dama, a dawowa ta hagu, kowanne duk bayan ja biyu. Iska ba ta ragu ba, aiki kuma ya rabu daidai. Sirrin shi ne fitar da iska a cikin ruwa ta hanci da baki tun kafin a juya, yadda in baki ya fito shaƙa kaɗai ta rage. Makonnin farko za ka sha ruwa, kuma yaran da ke layin kusa za su wuce ka. Wannan kunyar ce ke sa manya komawa dama, ba wai abin ya gagara ba. Akwai riba ta biyu: a zuwan da kake sha ta hagu, hannun hagu ya huta da aikin dafe, a karon farko zai ja ruwa tun daga gaba, kuma za ka ji yadda ya kamata ya riƙa ji.

Yanzu tudu, wanda shi ka tambaya. Ko da gwaji ya nuna ƙarfinka daidai yake, a shekara 44 bai kamata a bar shi ba. Bayan shekara 30 tsoka tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma ga wanda ba ya motsa ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kwana biyun nan sun isa, minti 25 zuwa 30.

Dokar ita ce ɓari ɗaya a lokaci ɗaya. Dogon sandan ƙarfe da injinan da ake ja da hannu biyu suna rufa wa mai rauni asiri, don dama za ta ɗauki kashi mafi yawa ba ka sani ba. Ka fara da hagu kullum, kana da sabon ƙarfi, kuma abin da hagu ta iya shi dama za ta yi, ko da tana jin za ta iya ƙari. In ratar tana da yawa, ka ƙara wa hagu zagaye ɗaya a ƙarshe. Amma kada ka daina horar da dama wai don hagu ta kamo ta. Tun 1894 Edward Scripture da abokan aikinsa a jami'ar Yale ta Amurka suka lura cewa in aka horar da hannu ɗaya, ɗayan da bai yi komai ba shi ma ƙarfinsa na ƙaruwa, kuma binciken da aka tattara daga baya ya sa wannan ƙarin a wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Ƙwaƙwalwa ce ke koyo, kuma ba ta yi wa ɗaya ɓarin rowa.

Jan ƙarfe zuwa ƙugu da ka yi gwaji da shi, shi ne ginshiƙi, sau 8 zuwa 12, zagaye uku, ka tsaya kana jin saura biyu a jikinka. Sai robar motsa jiki da aka ɗaura sama da kai: ka sunkuya kaɗan, ka ja ta da hannu ɗaya kamar yadda za ka ja ruwa, gwiwar hannu a sama, a hankali. Don ƙugu da tsakiyar jiki, tokarewa a gefe, da tafiya riƙe da nauyi a hannu ɗaya kamar mai ɗauke da akwati, ba tare da ka karkata ba. Don ƙafa, tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Inda nake so ka ba da hankali shi ne ƙananan tsokokin da ba a gani a madubi. Ninkaya tana gina manyan tsokokin ƙirji da na gefen baya, masu juya hannu ciki, ta bar na bayan kafaɗa masu juya shi waje a baya. Tsokoki huɗu ne suka rungume kan ƙashin damtse suna riƙe shi a gurbinsa, kuma biyu daga cikinsu ne ke wannan juyawar waje. Ka kwanta a gefen dama, ƙaramin tawul a naɗe ƙarƙashin gwiwar hannun hagu, ka ɗaga kilo 1 ko 2 daga ciki zuwa sama, sau 15. Za ka raina nauyin har sai ka kai na goma sha biyu. Akwai kuma wata tsoka shimfiɗe a kan haƙarƙari ƙarƙashin hammata, likitoci na kiran ta seratus, ita ke manna allon kafaɗa da ƙirji tana juya shi sama in an ɗaga hannu. Binciken da Marilyn Pink da abokan aikinta suka yi a Amurka a 1991 ya nuna tana aiki ba hutu a duk zagayen jan hannu, kuma ga masu ciwon kafaɗa aikinta yana raguwa sosai lokacin jan ruwa. Ana ƙarfafa ta da tura ƙasa ko bango, in hannu ya miƙe sai a ƙara turawa har bayan ya ɗan kumbura tsakanin allunan kafaɗa. Kada ka gajiyar da waɗannan ƙananan kafin ka shiga ruwa. Bayan ninkaya ko wata ranar daban.

Za ka ga adadin hagu ya tashi da sauri a mako huɗu zuwa shida na farko. Wannan ba tsoka ce ta girma ba tukuna, jijiyoyi ne suka koyi kiran ta. Girman tsoka sai wajen mako takwas zuwa sha biyu, jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuma sun fi haka jinkiri, shi ya sa ba a ƙara nauyi da gaggawa don kawai an ji daɗin jiki.

Kada kuma ka sa wa ranka sai ɓarin biyu sun zama kamar an tsaga kara. Katie Ledecky ta Amurka, wadda ta mamaye tseren mita 800 da 1500, galibi ta dama take shan iska, kuma salonta yana da ɗan ɗingishi kamar sukuwar doki. Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu, da aka yanke wa ƙafar hagu bayan hatsari a 2001, ta yi tseren kilomita 10 a gasar Olamfik ta Beijin a 2008 ta zo ta 16. Bambancinsu da kai shi ne hannunsu na gaba ba ya danna ruwa ƙasa.

A cikin mita 2000 ɗinka, ka ware 400 na farko bayan ɗumama jiki: 100 bugun ƙafa a gefe, 100 na shida da sauyi, 200 na hannu ɗaya, wato zuwa biyu na hagu, ɗaya na dama, ɗaya cikakken salo, sau biyu. Sauran ka yi su kana kallon bango ɗaya. Ka rubuta adadin gwajinka na yau, na ruwa da na tudu, ka ajiye hoton bidiyon, bayan mako shida ka sake ɗauka daga wuri ɗaya. Abin da za ka duba a ciki shi ne inda tafin hannun hagu yake a daidai lokacin da bakinka ya fito ta dama.